Gashin Zabo a Bakin Ƙugiya

Shekara huɗu na yi ina gadi a Doha kafin annobar nan ta zo, kuma a cikin shekara huɗun ban taɓa yin maganar da ta wuce minti biyu da mahaifina ba. Ranar Juma'a nakan kira wayar ƙanwata, ta kai masa ƙarƙashin rumfar da yake ɗinkin birgi, ragar da ake jefawa a kama kifi. Sai ya ce, "Malam mai gadi, an kwana lahiya?" In ce lafiya lau. Ya tambayi aiki, in tambayi jiki, ya ce sai godiya, ya miƙa mata wayarta. Mun gama ke nan, sai wata Juma'ar.

Mu masunta ne, a wani ƙauye da ke bakin Kwara, ƙasa da Yawuri kaɗan. Ni kaɗai ne namijin da Allah ya bar wa Baba, kuma ni ne na ajiye filafilin tuƙin jirgi na ce ba ni ba ruwa. Ranar da na gaya masa na samu aikin gadi a ƙasar Larabawa bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Kallona ya yi daga sama har ƙasa ya ce, "Ka bar kogi guda ka tahi tsaron ƙohwar wasu." Ni kuwa bakina bai iya kwana da magana ba. Na ce masa ƙofar wasu ba ta ƙafewa, koginsa kuwa kullum ramewa yake yi. Tun daga ranar sunana ya ɓace a bakinsa, na koma Malam mai gadi. Taurin kai kuwa a wurinsa na gada, don haka babu wanda ya sauko a cikinmu. Amma abin yana cina, musamman da ƙanwata ta ce idonsa ya fara hazo, ya daina fita da jirgi shi kaɗai. Tsorona guda ne, kada wata Juma'a in kira a ce mini babu wanda za a kai wa wayar, alhali duk abin da ya rage tsakanina da shi gaisuwa ce.

Ginin da nake gadi dogo ne a unguwar West Bay, gidajen haya na manyan ma'aikata. Da aka kulle gari, kamfani ya ce ba za a riƙa jigilarmu zuwa masauki ba, aka ba mu wani ɗaki a ƙasan ginin, mu shida, katifa kusa da katifa. Titin da ke gabanmu, wanda a da sai ka yi bisimilla kafin ka tsallaka, ya koma fayau, har kyanwa tana kwanciya a tsakiyarsa. Aikinmu ya koma auna zafin goshin mutane da hana su duk abin da suke so. An rufe ɗakin motsa jiki, an rufe kwamin ninkaya da ke hawa na biyar, aka zagaye shi da jan kyalle. Ni aka ba zagayen safe.

Wata safiya cikin azumi na hau hawa na biyar, sai na ga mutum tsaye a bakin kwamin. Wani tsohon Bature ne da ke zaune a hawa na ashirin da uku, injiniya, siriri, kai fari fat, kunnuwa jajir. Yana riƙe da doguwar sanda siririya, yana kaɗa zare a iska, gaba, baya, gaba, sannan ya bar zaren ya miƙe ya kwanta a kan ruwan. Ruwan da ake zuba wa magani kullum, ko kwaɗo ba zai kwana a ciki ba. Na ce a raina, to fa, kulle ya fara taɓa mutane, kuma da tsofaffi ya fara.

"Yallaɓai, nan a rufe yake," na ce masa da Turancina na aiki. "Khalas, an gama, sai a koma sama."

Ya ce ya sani, ba shiga zai yi ba, hannunsa kawai yake motsawa kada ya manta. Ya roƙi minti goma. Da na bi ƙa'ida da tuni na tasa ƙeyarsa. Amma sai na tsaya ina kallon wuyan hannunsa. Wanda ya tashi yana ganin ana jefa birgi ba ya ɓatan hannun da ya iya. Jifar tsohon nan ba ta ƙarfi ba ce, ta jira ce, sai zaren ya gama miƙewa a bayansa sannan ya turo shi gaba. Haka Baba yake jiran nauyin dalma ya juyo da birgi da kansa kafin ya sake shi. Na juya baya na yi kamar ina duba bututun kashe gobara, har minti gomansa ya zama ashirin.

Washegari ya dawo, ni ma na dawo. A bakin zaren ɗan ulu kawai ya ɗaura don gwaji, amma da ya ga na matso sai ya ciro wani ɗan akwati daga aljihu ya buɗe mini, ya miƙo hannu daga nesa kamar yadda aka koya mana a lokacin. Ƙugiyoyi ne a jere, ƙanana, kowace an naɗe ta da zare da gashin tsuntsu. Ya ce da su yake kama kifi a ƙasarsu. Na duba, na sake dubawa, ban ga inda ake sa koto ba. Mu ma muna da mamari, ƙugiyoyin da ba a sa musu komai, amma su ɗaruruwa ake shimfiɗawa a ƙasan ruwa kifi ya gifta su sarƙe shi. Ƙugiya ɗaya tak, babu tana, babu tuwo, an yi mata kwalliya kamar za ta gidan biki? Tausayinsa ya kama ni. Ga sanda mai tsada, ga hannu mai kyau, amma har ya tsufa ba a samu mai gaya masa cewa kifi abinci yake ci ba.

Da yamma na samu burodin da ya kwana, na jiƙa shi, na buɗe gwangwanin kifi na tsiyaye man a ciki, na yi ta murzawa har ya yi danƙo, yadda muke yi wa kifin karfasa da dusa. Ga azumi a bakina, ga ƙamshi yana hawa kaina, abokan ɗakina suna ta tsine mini. Da safe na ƙulle shi a leda na kai wa Baturen, na ajiye a kan kujera na ja baya. Na ce, "Yallaɓai, in an buɗe gari ka je bakin teku, ka ɗan mulmula wannan ka rufe bakin ƙugiyar. Za ka gode mini."

Ya kwance ledar, ya sunsuna ta cikin takunkumi, ya dube ni. Sai dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har tabaransa suka yi tururi, ya cire ya goge. Ni kuwa na sha kunu. Na ce masa ba abin dariya na kawo ba, ni ɗan masunta ne, kakannina a ruwa suka tsufa, in ana maganar kifi ba a yi mini dariya. Nan take ya haɗiye dariyarsa. Ya ce in yi haƙuri, ba ni yake wa ba, shekara arba'in yana wannan abu ba a taɓa yi masa kyauta mai daɗin wannan ba. Ya zauna a wancan bakin kujerar, ya ce in saurara.

Ya ce a ƙasarsu akwai wani ɗan kogi mai duwatsu, ruwansa sanyi ƙalau, a ciki akwai wani kifi mai ɗigo-ɗigo a jiki da suke kira tirawut. Idan sanyi ya wuce, ƙanƙarar kan tuddai takan narke ta cika kogin, ya yi jajir yana gudu, ba a samun komai. Sai a jira. A ƙarshen bazararsu, wajen watan biyar, ruwan yakan sauka ya washe, ya koma launin shayin da bai ji ganye ba. A lokacin ne wasu ƙwari da suka daɗe a ƙarƙashin duwatsu suke tasowa sama su buɗe fiffike, kuma kwana ɗaya ne rabonsu a duniya. Kifin yakan tsaya a bayan dutse yana fuskantar ruwa, yana tsintar su ɗaya-ɗaya. Abin da ke cikin akwatin nan ba kwalliya ba ce, kamannin ƙwarin ne. In ka ajiye shi a kan ruwa a hankali, ya taho da gudun ruwan ba tare da zaren ya ja shi ba, kifin ya ɗauka na gaske ne.

Ya nuna mini wayarsa. Kowace safiya wasu mutanen garinsu suna rubuta halin da kogin ya kwana: ya ƙaru ko ya ragu, ya washe ko ya gurɓace, sanyinsa ya sassauta ko bai yi ba, wane ƙwaro aka gani da hantsi. Ya ce ranar da ake so ita ce mai lumshi, babu iska, a ɗan yi yayyafi ma ya fi. Rana mai ƙyalli ba ta da amfani, kifin yana ganinka tun daga nesa ya shige ƙarƙashin saiwa. A ranar an rubuta cewa ruwa ya sauka daidai, ƙwari sun fara tashi. Ya ce tun yana saurayi bai taɓa rasa wannan watan a bakin kogin ba, sai bana da aka rufe jirage. Ya faɗa yana kallon hasumiyoyin gilashi da suka zagaye mu, zafin Doha ya riga ya fara dukan bango tun ƙarfe bakwai.

Sannan ya juyo ya ce, "Kogin mahaifinka fa? Yaya ruwansa yake a wannan watan?"

 Ni da na gama buga ƙirji ina ɗan masunta, ban san ko ruwan garinmu ya ja baya ko bai ja ba. Na ce masa zan tambaya. Kunyar da na ji a safiyar nan ta fi ta ledar burodi.

Ranar Juma'a, Baba na gama cewa sai godiya, na yi maza kafin ya miƙa wayar. "Baba, ruwa hwa? Ya ja baya?"

 Sai ya ce, "Mi ya haɗa mai gadi da ruwa?"

Na ce wani tsoho ne a nan yake tambaya. Na kwashe labarin na ba shi, har da gashin tsuntsun, ina ɗan dariya don ya taya ni. Bai taya ni ba. Ya tambaye ni wane wata ne ƙwarin nasu ke tashi. Na ce yanzu.

"Ashe su ma yanzu shingensu ka tashi," in ji shi. "Wanga mutum ba mahaukaci ba na, kai na ba ka sani ba. In anka yi ruwan hwari, shinge ya hito ya hwaɗa kogi, ba ka ga yadda kawara ka haukacewa bisa ruwa ba? Ko ka manta? Ran nan ko tana kas sa musu ba su dubinta, sama suka kallo."

Na manta, wallahi na manta. Sai da ya faɗa na ga abin a idona: yamma bayan ruwan sama, ƙamshin ƙasa, fikafikan shinge, garar nan mai tashi, a kan ruwa kamar an watsa ƙaiƙayi, kifayen kawara suna ta fallatsa. Baba ya ci gaba. Ya ce ruwa ya ja baya sosai, tsibirin yashi ya fito, duwatsun da ke gaban mashaya sun nuna kawunansu, hadari yana haɗuwa a gabas amma bai zubar ba tukuna. Ya ce in gaya wa tsohon haka, kada in rage komai. Ranar sai da cajin wayar ƙanwata ya ƙare. Na zauna a bakin katifata riƙe da waya, abokan ɗakina suna tambaya ko rasuwa aka yi, don sun ga idona ya kawo ruwa.

Daga nan na zama ɗan aike tsakanin tsofaffi biyu da ba su taɓa ganin juna ba. Ranar Asabar in kai wa Bature labarin Kwara: farin ruwa ya iso da laka, ko baƙin ruwa ya zo daga nesa a tsakiyar rani ba tare da an ga ɗigon ruwan sama ba, abin da ya yi ta ba shi mamaki. Ranar Juma'a in kai wa Baba labarin ɗan kogin duwatsu. Baba ya riƙa ce masa "abokina". Sau ɗaya suka saɓa. Na gaya wa Baba cewa in abokin nasa ya kama kifin, yakan jiƙa hannu ya riƙe shi a cikin ruwa, ya zare ƙugiyar, ya sake shi. Har kunnen ƙugiyar yake matsewa da filaya don kada ta yi wuyar fita.

"Shi kama shi sake?" Baba ya ɗaga murya har na janye wayar daga kunnena. "To mi kihin yai mai da za shi huda mai baki a banza? In ba shi ci, shi ba maƙwabta mana!"

Na kai saƙo. Bature ya ce koginsu ƙarami ne, masu zuwa da yawa, in kowa ya tafi da nasa, cikin shekara biyu babu abin da zai saura. Na mayar wa Baba. Sai ya yi ƙorafi a kan masu jan taru mai ƙananan ido, waɗanda suke kwashe har 'ya'yan kifi. Ya ce, "Ka ce mai yana da gaskiya rabi. Amma ni abin da ya shigo hannuna ba ni sakinai."

Wannan na sani tun ba yau ba. Kuma ba zan ɓoye ba, na yi kishin Baturen nan. Hirarmu da Baba takan kai rabin awa yanzu, amma duk ta "ka gaya ma abokina" ce. Har lokacin ni Malam mai gadi ne. Bai taɓa tambayata abin da nake ci ba, ko ina barci, ko ƙafata tana kumbura da tsayuwar awa goma sha biyu. Wani lokaci in na ajiye waya sai in ji haushi ya turnuƙe ni, in ce mako mai zuwa gaisuwa kawai zan yi in ga tsiya. Juma'a na zuwa kuma in tsinci bakina yana tambayar ruwa.

Bazara ta biyu ma Bature bai samu tafiya ba, saboda killacewar da ake yi wa matafiya. Ta uku kuma aiki ya riƙe shi, ana gaggawar kammala gine-gine kafin gasar cin kofin duniya. An daɗe da buɗe kwamin ninkaya, yara sun cika shi, don haka ya koma jifarsa a wani lungu na wurin ajiye motoci. Ya ce da an gama gasar zai ajiye aiki ya koma gida gaba ɗaya. A cikin hira ne wata rana ya ce mini gashin zabo yana da kyau wajen yi wa ƙwaron ƙarya ƙafafu, saboda ɗigon da ke jikinsa, kuma a ƙasarsu a ɗan ƙunshi ake sayar da shi a kanti. Da na gaya wa Baba sai da ya yi dariya har da tari. Gashin da mata ke sharewa su zubar a bola! Ya tambaye ni na wane wuri ne a jikin zabon. Na tambayo, aka ce ƙananan nan masu laushi na ƙirji da gefe.

Gab da gasar aka ɗebo sababbin masu gadi da yawa daga gida, a cikinsu har da wani mutumin garinmu da aka tura Lusail, wani gari da ke kusa da Doha. Ya kira ni ya ce Baba ya ba shi saƙo, ya kuma ja masa kunne kada ya danne shi da kaya, shi ya sa a cikin hularsa ya sako shi. Ranar hutuna na shiga jirgin ƙasa na je na karɓo. Ambulan ce, a ciki gashin zabo ne an wanke an shanya an jera su kai ɗaya, sai ƙugiya uku ƙirar maƙerin garinmu a soke a jikin ɓawon rake. Ƙanwata ta ce kwana biyu Baba ya yi yana zaɓe, da yake idon ba ya gani sosai, da yatsa yake shafa kowanne, wanda ya ji ya karye ya jefar. Babu wasiƙa, babu saƙo nawa. Na laluba ambulan ɗin har sau biyu.

Da la'asar, bayan na tashi diyuti, na nemi izinin sufabaiza na hau hawa na ashirin da uku. Garin ya cika ya batse, tutoci na lilo a barandar kowane gida, a ƙasa jama'a na ta kwarara zuwa bakin teku da ganguna da ƙaho. Bature ya rufe taga. Ya zazzage ambulan ɗin a kan farar takarda, ya daɗe yana kallo, ya ɗauki gashi ɗaya ya hura shi. Sannan ya ɗaure ƙugiyar maƙerinmu a wani ɗan maƙalin ƙarfe da ke kan teburinsa. Ya sa ni na kwatanta masa shinge: tsawonsa, launin cikinsa, yadda fikafikansa suka fi jikinsa tsawo. Ina faɗa yana naɗa zare. Da ya gama ya ɗauko filaya zai matse kunnen ƙugiyar, don hannunsa ya saba. Sai ya tsaya, ya ajiye filayar.

"A'a," ya ce. "Mahaifinka cin kifinsa yake yi."

Ya ɗaura biyu a kan ƙugiyoyin Baba ya sa mini a kwalin ashana. Ta ukun ya ce tasa ce, zai ajiye. Sauran gashin ya ce zai kai wa koginsu. Bayan gasar da 'yan makonni na ɗauko masa akwatunansa zuwa mota. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka kai masa da kanka. Kada ka aika."

Sai a watan biyar na samu hutu. Ina filin jirgi hoton Bature ya shigo wayata: hannunsa a cikin ruwa mai launin shayi, riƙe da kifi mai ɗigo-ɗigo, gashin zabon garinmu a gefen bakinsa. Ya rubuta cewa an yi lumshi, babu iska, kuma ya sake shi.

Na tarar da Baba ya ƙanƙance. Ya amsa gaisuwata kamar yadda yake amsawa a waya, da Malam mai gadi da komai. Na nuna masa hoton, ya kai shi dab da hancinsa, ya ce shi dai haske yake gani. Sai na sa masa kwalin ashanar a hannu. Ya buɗe, ya ɗauki ɗaya, ya bi ta da yatsa daga ido har baki. Ya ja zaren da farce bai kwance ba. Da yatsansa ya kai kan kunnen ƙugiyar ya ji yana nan, sai ya yi murmushi, ya ce abokinsa ya san mutunci.

Kwana tara muna jiran ruwa. Ran na goma aka yi shi da azahar, mai ƙarfi, ya ɗauke bayan la'asar. Muna zaune a rumfa sai ga shinge ɗaya ya faɗo a kan tabarma, sai na biyu. Baba ya ji fiffike a wuyansa, ya kama, ya murza. Ya miƙe ya ce a ɗauko masa gorar fatsarsa. A bakin ruwa ya tsaya a gaban jirginsa, wanda ya daɗe a kife, muka juya shi. Ya shiga ya zauna a gaba, ya bar mini baya. Ban riƙe filafili ba shekara bakwai, jirgin ya yi ta juyi da mu kamar jakin da bai san gida ba. Baba yana ta mita, "Hagu, kai! Wa ya koya maka tuƙi?" Na ce shi ne. Ya ce ƙarya nake yi.

Da muka kai gaban duwatsun mashaya ya ce in tsaya. Ba ya ganin ruwan, amma yana jin fallatsar kawara ta ko'ina. Ya ciro ƙwaro ɗaya daga kwalin ashanar ya ɗaura a zaren fatsar. Ba irin jifar Bature ya yi ba, gorar ya miƙa ya saukar da ƙwaron a hankali har ya taɓa ruwa, ya ɗaga, ya sake saukarwa. Ya ce in zama idonsa, in gaya masa in ya sauka. Sau huɗu ina cewa ya sauka. A na biyar ruwan ya buɗe, gorar ta lanƙwashe, Baba ya yi wata ƙara da ban ji ya yi ba tun ina yaro. Ya jawo ta, kawara ce mai tsawon tafin hannu, tana ƙyalli. Ya riƙe ta ya zare ƙugiyar da kyar, yana haki yana dariya.

Na ce, "Baba, sakinta za a yi?"

"Allah shi sawwaƙe," in ji shi, ya wurga ta cikin jirgi. "Ka dai gaya ma abokina na ɗan riƙe ta kahin in aje."

Mun kama bakwai kafin a kira magariba. Na juya jirgin muka nufi gida, wannan karon bai yi mitar tuƙina ba. Yana zaune ya ba ni baya, kwalin ashanar a aljihun gaban rigarsa, hannunsa a kai. Mun kusa gaɓa ya tambaye ni yaushe hutun zai ƙare. Na ce saura kwana goma sha biyu. Na ƙara da cewa in yana so in zauna, zan zauna, in kira su in ce ba zan dawo ba. Da gaske nake, amma ban san wace amsa nake so ba.

Bai juyo ba. Ya kira sunana, sunan da ya raɗa mini, wanda rabona da jin sa a bakinsa tun ranar da na ajiye filafili. Na daina tuƙi, don hawaye sun hana ni ganin gaɓa.

"Ka koma wurin aikinka," ya ce. "Amma in ka kira, ka bar hwakewa da abokina. Ka tambayi ruwa don kanka. Kuma ka hwaɗa min mi kaka ci can, na ji hannunka ya rame."